Gizon Kanti da Gizon Ƙoƙi: Tsokaci Kan Littattafan "Dabbar Ruhi"

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, wani matashi daga cikin sababbin mambobinmu ya karanta mana gajeren labarinsa. Labarin wata yarinya ce da aka sako daga gidan miji tun ba ta shekara ba, ta koma ɗakin mahaifiyarta ta kwanta, ba ci ba sha, sai kallon rufi. Tana cikin wannan hali ta hango gizo-gizo a kusurwar ɗaki yana saƙa. Har zuwa nan kowa ya yi tsit, domin yaron yana da hannu. Ya iya siffanta zafin azahar a ɗakin kwano, ya kuma iya sa uwa ta yi magana irin ta uwa. Sai kawai ya ajiye labarin gefe ya hau mumbari. Shafi ɗaya da rabi ya ɗauka yana bayyana mana cewa gizo-gizon nan shi ne "dabbar ruhin" yarinyar, alama ce ta haƙuri da ƙirƙira da ƙarfin mace, ƙafafunsa takwas suna nuni da abin da ba shi da iyaka, kuma ya zo ne ya shaida mata cewa rayuwarta saƙa ce da ke hannunta. Yarinya ta miƙe ta wanke fuska ta koma makaranta, labari ya ƙare.

Da aka buɗe fagen sharhi, wani dattijo da ba ya cika magana ya ce shi dai tun da ya ji an ambaci gizo yake jiran ya ji abin da za a sace, har aka gama bai ji an saci komai ba. Aka yi dariya, har da marubucin. Mu kuwa tun daga ranar maganar take yi mana yawo a ka, domin wannan shi ne karo na uku ko na huɗu da irin wannan gizo mai ladabi ya shigo rubutun matasanmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawunsa mu ga daga wane gida ya fito.

Ra'ayin cewa mutum yana da dabbar da ke rakiyar ruhinsa, a yadda yake yawo a duniya yau, an yanko shi ne daga al'adun 'yan asalin Arewacin Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar suka laƙaba musu suna Indiyawa. A wurin kabilu irin su Lakota, mai neman jagora yakan keɓe kansa a kan tudu kwana da kwanaki, ba ci ba sha, yana kuka yana roƙo, in ya ga wani abu ya dawo dattawa su fassara masa. A wurin Ojibwe kuma kowace zuriya tana da dabbarta da ɗa ke gada daga uba, kuma 'yan dabba ɗaya ba sa auren juna. Daga kalmarsu ta doodem Turanci ya samo kalmar da yake kiran irin wannan dabba da ita. Mu ma abin bai yi mana nisa ba: kan gida na Maguzawa haka yake, gadonsa ake yi, kuma yana zuwa da hani, ba a kashe shi, ba a cin namansa. Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan wurare dabbar tana ɗora wa mutum nauyi, kuma ba shi ke zaɓarta ba.

Gwamnatin Amurka ta haramta da yawa daga cikin bukukuwan ibadar waɗannan mutane tun daga 1883, sai a 1978 aka yi dokar da ta amince da 'yancinsu na yin addininsu. Ba a jima ba abin da aka ɗaure iyayensu a kansa ya zama haja a kanti. A 1980 Michael Harner ya fitar da The Way of the Shaman, inda ya koya wa mutanen birni yadda za su nemo dabbarsu da kiɗan ganga a cikin falo. A 1988 Jamie Sams da David Carson suka fitar da Medicine Cards, littafi haɗe da kati 44, kowane kati da dabbarsa, sai ka cakuɗa ka zaro. A 1993 Ted Andrews ya fitar da Animal Speak, wanda ya zama tamkar ƙamus ga masu wannan harka. A wannan shekara ta 1993 ɗin kuma wani babban taron Lakota ya fitar da sanarwa mai zafi a kan masu cinikin al'adunsu na ibada. Kusan duk abin da matashinmu ya zuba mana a shafi ɗaya da rabin nan, daga littattafai biyun ƙarshe ya gangaro, ko da kuwa bai taɓa riƙe su a hannu ba.

Haƙƙin masu al'ada magana ce babba, amma su suka fi mu bakin yinta, kuma sun yi. Mu inda gizo ke saƙa a wurinmu shi ne yadda littattafan suke karanta alama, domin wannan aikin marubuci ne. Hanyarsu ɗaya ce daga farko har ƙarshe. A ɗauki dabba, a ba ta kalma guda ko biyu, sannan a jero kyawawan halaye a ce naka ne. Gizo-gizo ya samu saƙa da ƙirƙira, aka ce shi ya bai wa ɗan Adam haruffan farko, don haka shi ne majiɓincin marubuta. To, wane marubuci ne zai ƙi jin haka? Amma mai karatu ya gwada buɗe kowane shafi ya gani. Kura ma in ta shiga irin wannan littafi fitowa za ta yi da rawani. Babu wanda zai zaro kati ya tarar an ce masa shi maƙaryaci ne, ko maci amana, ko kuma shi ne ƙudan da ke cikin yana. In ma an kawo gargaɗi, mai laushi ne, irin na mai duba da ba ya son ya kori mai kawo kuɗi. Babu tauraro, babu abin da aka aikata, babu sakamako. An tara tatsuniyoyin al'ummu daban-daban a tukunya ɗaya, an tsame naman, an miƙa wa mai saye romo.

Naman da aka tsame kuwa shi ne mai daɗin. Gaskiya ne Hopi suna da Kaka Gizo-gizo mai taimako, Nabaho kuma suna cewa Mace Gizo-gizo ce ta koya musu saƙa, har akwai wani dogon dutse a Arizona da suke cewa nan ne gidanta. Amma su Lakota ɗin da aka fi ɗibar kayansu, gizonsu Iktomi ne, kuma duk wanda ya san Gizonmu ya san shi. Wata marubuciya 'yar kabilar Dakota, Zitkala-Sa, ta tattara labaransa a littafinta Old Indian Legends a 1901. A ciki akwai inda Iktomi ya yaudari agwagi ya ce zai rera musu waƙa su yi rawa, amma da sharaɗin kowa ya rufe ido. Suna rawa yana murɗe musu wuya ɗaya bayan ɗaya, har wani ya saci kallo ya yi kururuwa. Ya gasa waɗanda ya samu, sai rassan bishiya suka matse masa ƙafa a sama, kyarketai suka zo wucewa, shi da bakinsa ya yi ta ihu kada su ci masa nama, har ya nuna musu inda ya binne sauran a cikin toka. Suka cinye tas. Wannan gizon ba shi da wuri a cikin katin da aka tsara don faranta wa mai saye rai.

Don kada mu yi wa Andrews rashin adalci, yana yawan nanata wa mai karatu ya fita ya kalli dabbar da idonsa, ya nazarci halinta. Shawara ce mai kyau, sai dai in aka bi ta sosai ita za ta rushe shafin. A watan Afrilun 2022 kundin da masana ke ajiye sunayen gizo-gizon duniya a birnin Bern na Suwizalan ya cika iri 50,000. Da yawa daga cikinsu ba sa kafa yana don kamun abinci sam, farauta suke da ƙafa, wasu da tsalle. Masu yanar da muke yaba wa haƙurinsu, da yawa sukan cinye tsohuwar su sake sabuwa, domin zaren abinci ne da ba sa son asararsa. Akwai wani ɗan ƙarami mai tsalle da ake kira Portia, ana samunsa a Afirka da Asiya da Ostareliya, wanda yakan je yanar wani gizo-gizon ya dinga kaɗa zaren kamar ƙwaron da ya maƙale, mai gida ya fito da murnar abinci, shi ya zama abincin. A Amurka akwai mai fitar da ƙamshi irin na macen wani malam-buɗe-littafin dare, namiji ya taho neman aure, a cafke shi da zare guda mai ɗanko a baki. A Turai kuwa akwai wanda namijinsa ke naɗe ƙuda a zare ya kai wa mace toshi, wani lokaci kuma ɓawon da ya riga ya tsotse yake naɗewa ya kai, kafin ta kwance ta gane ya biya bukatarsa. In ta nemi gudu da toshin, sai ya sanƙare kamar matacce yana riƙe da shi, tana jansa. Wanda ya ji wannan ya ce kakanninmu ba su san abin da suke yi ba da suka ba gizo sarautar wayo, to bai yi musu adalci ba.

Wannan ya kawo mu gida. Gizo na Ƙoƙi yana cikin taurarin adabinmu da aka fi daɗewa ana rubuta labarinsu. Yana cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya fitar juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga rubutun ajami na malamai. Yana cikin abin da Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray a ƙasar da ake kira Gana a yau, aka buga a 1913, da wanda Tremearne ya tattara a wannan shekarar. Yana cikin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya da yawancinmu muka karanta a firamare. A duk waɗannan wurare da wuya ka same shi yana saƙa. Noma yake, ko ya ce zai yi, bashi yake ci, biki yake zuwa ba gayyata, fada yake zuwa kai tsegumi. Wasu labaran nasa ma a wasu ƙasashe zomo ake ba su, Yarbawa kuma su ba kunkuru. Mutum ne sak, an dai ba shi sunan ƙwaro don a samu bakin faɗar abin da yake yi.

Mu ɗauki tatsuniyarsa da hankaki, tun da kusan kowa ya san ta, ko da bakin kowace kaka da irin nata. Ana yunwa, hankaki sun gano wani ɓaure a tsakiyar kogi inda mai ƙafa ba ya zuwa. Gizo ya yi ta zarya gidansu da sunan ɗibar wuta, yana zama a kan 'ya'yan ɓauren da danƙo a gindinsa, har suka gaji suka ce gobe da asuba za su tafi da shi. Don ɗoki bai iya jiran asubar ba, a wasu bakunan har wuta ya cinna don a ga haske a ce gari ya waye. Kowane hankaka ya ciri gashi guda ya ara masa, aka tashi da shi. Da aka sauka a bishiya, duk ɗan ɓauren da wani ya nufa sai Gizo ya ce ai shi ya riga gani. Suka bar shi ya cika burgamensa, sannan kowa ya zare gashinsa suka tashi. Ya faɗo ruwa, ya nutse har gidan kada. Nan take ya fashe da kuka ya ce ai shi ɗan'uwansu ne da ya ɓace tun yana yaro. Aka karrama shi, aka sauke shi a ɗakin ƙwai. Cikin dare ya dinga gasawa yana ci, duk wanda ya fashe yara su ce baƙo ya yi tusa, manya su kwaɓe su don kada a kunyata baƙo. Da safe aka ce a ƙirga ƙwai, ya ce shi zai taya su, ya dinga ɗaga guda ɗayan da ya rage yana nunawa yana mayarwa har lissafi ya cika. Aka ba shi mai ƙetarar da shi. Suna tsakiyar ruwa aka gano ɓarnar, ana ƙwala kira a dawo da baƙo, shi kuwa yana gaya wa mai fiton, wanda kunnensa bai cika ji ba, cewa ana ce masa ya yi sauri.

To, 'yan'uwa, wane darasi ne guda ɗaya za a ciro daga nan a rubuta a kati? In an ce kwaɗayi mabuɗin wahala, gaskiya ne, ga shi ya faɗa kogi. Amma kogin ne ya kai shi ɗakin ƙwai, ya ci ya ƙoshi ya tsira. In an ce wayo yana fid da mutum, su kadan da suka karɓi baƙo hannu bibbiyu me suka yi aka saka musu da haka? Kuma a lura da wanda ya faɗi gaskiya a daren: yara ne suka ji ƙarar, manya suka rufe musu baki saboda kunya da kara, abin da muke alfahari da shi. Tsohuwar da ke ba da wannan labari ga jikokinta tana sane sarai da abin da take yi. Yaron da ke saurarenta shi ne ƙarami a gida, kowa ya fi shi ƙarfi, don haka ransa yana tare da Gizo lokacin da ya ɗaura wa giwa igiya a tudu ya ɗaura wa dorina ɗaya bakin a ruwa, kowa yana ja yana zaton da Gizo yake ja. Amma yaron nan dai shi ne zai yi dariyar mugunta ranar da Gizo ya manne a jikin 'yar danƙo a gonar da yake sata, hannu da ƙafa da goshi. Yana son sa, yana jin kunyarsa, kuma a ransa ya san wanda ake nufi. Tatsuniyar ba ta raba masa gardamar ba, ta bar shi ya kwana da ita.

Akwai kuma tsamin baki. Mai ba da labari ba ya cewa Gizo ɗan yaudara ne, murya kawai yake canjawa, sarki ya koma "shayki", ranka ya daɗe ya koma "yanka ya daɗe", yara su fara dariya tun bai yi komai ba. Mai zaƙin bakin da ya gagari zaki da giwa, shi ne wanda bai iya furta harafi daidai ba. Ga Ƙoƙi a gefe, mai hankali da kawaici, sau da yawa ita ke samo alheri da ladabinta, shi kuma ya bi sawunta ya ɓata. Matashin da ke neman koyon gina tauraro, da murya da abokin zama da aibin da ba ya rabuwa da shi, ga makaranta nan kyauta a ɗakin kakarsa.

Wani abin da ya fi shafarmu a matsayinmu na masu ƙaga labari yana bakin ƙofar fita daga tatsuniya. In an ce ƙurunƙus, akan ƙara da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya, wasu ma su ce da ma ƙaryar ce aka shara. Wato Gizo shi ne lasisin mai ba da labari, a inuwarsa ake fakewa a faɗi abin da bai faru ba ba tare da an zama maƙaryaci ba. Mutanen Akan na Gana sun kai abin ƙarshe, domin duk tatsuniya sunan gizonsu Ananse take amsawa, ko yana ciki ko ba ya ciki, kuma suna da labarin yadda ya sayi labarai daga Nyame, ubangijin sama a wurinsu, da mesa da damisa da zirnako da wata 'yar aljana, duk da dabara ya kamo su. Rattray, a littafinsa na 1930 kan tatsuniyoyin Ashanti, ya lura cewa mai ba da labari yakan fara da barrantar da kansa daga abin da zai faɗa, kuma a ƙarƙashin wannan rumfa ake iya taɓa sarki da manyan gari. Bayin da aka kwasa daga wannan gaɓa zuwa Jamaika sun tafi da shi, can ma yana da tsamin baki, can ma mai labari yakan rufe da wanke hannunsa. Saboda haka da littattafan kanti suka ce gizo majiɓincin marubuta ne, sun taɓo gaskiya a bisa kuskure. Dangantakarsa da mu ta wajen ƙarya ce da fakewa, kuma harshenmu bai manta ba: abin da ido ya gani alhali babu shi, cewa muke yana yi mana gizo.

Kada kuma mu ɗora wa Amurkawa laifin duka. Tun kafin katinsu ya iso, mu da kanmu mun fara yi wa Gizo aski. Littattafan yara nawa ne yanzu suke ƙare kowace tatsuniya da jerin "darussan da ke ciki", na ɗaya, na biyu, na uku? A wasu har tuba ake sa shi ya yi, ya nemi gafarar Ƙoƙi, ya zama mutumin kirki. Muna gane dalilin, marubuci yana tsoron a ce yana koya wa yara sata. Irin wannan tsoron ne ya cika ƙagaggun labaranmu da taurarin da ba su da aibi ko na sisin kwabo, da mugayen da ba su da wani aiki sai mugunta. Amma wa ya taɓa zama ɓarawo don ya ji labarin ɗakin ƙwai?

Mai karatu Bahaushe ma yana da wani misalin a hannu da ya isa ya hana shi yarda cewa halitta ɗaya ma'ana ɗaya gare ta. Sura ta 29 a Alƙur'ani sunan gizo-gizo take ɗauke da shi, kuma a aya ta 41 an buga misali da ɗakinsa a matsayin mafi raunin ɗakuna, ga wanda ya dogara da wanin Allah. A littattafan sira kuma akwai labarin cewa gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogon Saur lokacin Hijira a 622, masu bin sawun Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, suka ga yanar suka juya. Malaman hadisi sun yi maganganu kan ingancin ruwayar, amma ta shiga waƙoƙin bege irin su Burda, kuma da ita muka tashi. Zare ɗaya ne, a nan rauni, a can garkuwa. Abin da ya bambanta su shi ne wurin da aka ajiye shi da abin da ke faruwa a gefensa.

Haka abin yake a labarin Arakini da mawaƙin Rum, Ovid, ya rubuta wajen shekara ta 8 Miladiyya. Yarinya ce masaƙiya da ta yi gasa da allahiyar saƙa ta Rumawa. Galibi akan taƙaita labarin a ce sakamakon girman kai ne, an mai da ita gizo-gizo. Wanda ya karanta da kansa zai ga abin da yarinyar ta saƙa: hotunan yadda allolin nasu suka yaudari mata suka ci zarafinsu. Allahiyar ta duba ba ta sami aibi ko ɗaya a aikin ba, shi ya sa ta yayyaga shi ta doke ta da ƙoshiya. Shi kansa Ovid a wannan shekarar Sarki Agustas ya kore shi zuwa gaɓar Baƙin Teku, can ya mutu. Duk marubucin da aka taɓa kira a yi masa tambayoyi kan littafinsa ya san ta wane gefe zai karanta wannan labari.

In matashinmu yana son ganin yadda ake sa gizo-gizo mai alfarma a ƙagaggen labari ba tare da hawa mumbari ba, muna ba shi shawarar Ceremony na Leslie Marmon Silko, wanda ya fito a 1977. Ita 'yar Laguna ce a jihar New Mexico, cikin al'adar ta tashi. Littafin ya buɗe da cewa Mace Gizo-gizo ce ke zaune tana tunanin labarin da muke karantawa. Tauraron, Tayo, ya dawo daga yaƙin duniya na biyu a Filifin da ciwon zuciya, ɗan'uwansa ya mutu a gabansa, kuma yana ganin shi ya jawo wa garinsu fari saboda ya tsine wa ruwan sama a dajin yaƙi. Wani tsohon mai magani ya zo duba shi, yana son ya gaya masa duniya abu ce mai saurin lalacewa, sai ya zaɓi kalmar harshensu da ke ɗauke da ma'anar yanar gizo, mai rauni da ƙarfi a haɗe, ya ɗauki lokaci yana warware ta. A wani wurin kuma Tayo yana zaune bakin wani marmaro, ya ga gizo-gizo ta fito shan ruwa tana kare jakar ƙwanta kada ta jiƙe, ya tuna labaran da aka ba shi yana yaro. Iyakar abin ke nan. Marubuciyar ba ta tsaya ta ce mana ga abin da ake nufi ba, kuma Tayo bai warke a wannan shafin ba, sai da ya sha wuya har ƙarshen littafi.

Abin da muka gaya wa ɗan'uwanmu bayan an tashi shi ne ya soke shafi ɗaya da rabin nan gaba ɗaya, ya koma ɗakin da ya gina da kyau ya sake kallon kusurwar tare da yarinyar. A cikin yana ba mai saƙa kaɗai ke akwai ba, akwai wanda aka naɗe. Yarinyar da aka zo zance wurinta da zaƙin baki da toshi, aka kai ta ɗaki, aka sako ta kafin shekara, in ta ɗaga ido ta ga yana, wanne daga cikin biyun za ta ɗauki kanta? Ita ma da tatsuniyar Gizo aka yaye ta, ta san muryarsa, wataƙila ma ta ji ta a zaure. Kuma uwar tana nan da tsintsiya a hannu, irin uwar da ba ta barin yana ta kwana a ɗakinta, don haka akwai abin da zai faru tsakaninsu in yarinyar ta ce a bar ta. Ya yi shiru, sannan ya ce shi bai taɓa tunanin ƙudan ba. Ya ɗauki alkawarin kawo sabon zubi a zama na gaba. Dattijon nan yana ɗaure takardunsa a bayan keke ya waiwayo ya ce, ko ƙwai ɗaya ne dai a tabbata an sata.